Yadda Ake Mayar da Injin Tsere Mai Kafireto Ya Koma Shan E85

Masu bibiyar tseren dirag na Amurka, wato tseren miƙaƙƙen layi na mita 402 ko rabinsa, sun sha tambaya: idan mutum yana da injin V8 mai kafireto irin Holley 4150, jet mai lamba nawa zai sa ya koma shan E85? Jet ɗin, wato ƙaramin sukuru mai rami da ke auna yawan man da ke shiga injin, shi ne abu na kusa da ƙarshe. E85 haɗin etanol ne da fetur, kuma injin yana shan sa fiye da fetur da kusan kashi 30 cikin ɗari. Fetur yana ƙonewa daidai idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, shi kuwa E85 sau 9.8 kacal. Saboda haka kowace hanya da mai ke bi, tun daga tanki har maƙogwaron kafireto, sai an faɗaɗa ta. Ribar wahalar ita ce oktan, wato juriyar mai ga ƙwanƙwasa, da ya kai 100 zuwa 105, da sanyin da etanol ke sa wa iskar da ke shiga injin, a farashin da bai kai rabin na man tsere ba.

Ba a sayar da E85 a gidajen man Najeriya ko Nijar. Lissafin da ke ƙasa na inda ake samun sa ne, kamar jihohin masara na Amurka irin su Iowa da Minnesota da Illinois. Amma bakaniken da ya saba kwance kafireton Solex na Fijo 504 zai gane komai.

1. Kayan aiki da kuɗinsu

Farashi yana hawa da sauka, wannan ƙiyasi ne da dalar Amurka. Sabon kafireto da aka ƙera don E85, daga Holley ko Quick Fuel, yana kaiwa dala 700 zuwa 1,200. Kit ɗin sauya tsohon kafireto kuwa dala 250 zuwa 400. Famfon mai da regileta dala 300 zuwa 600. Tiyo da kawunansa da filtoci su ma sukan ci dala 300 zuwa 500, kuma nan ne mutane suka fi raina kuɗin. Na'urar auna iskar salansa, wadda masu tsere ke kira waidban, dala 150 zuwa 250. Kwalbar gwajin etanol ba ta wuce dala 20 ba.

Sai akwatin jet mai lambobi daga 80 zuwa 99, agogon auna matsin mai, agogon auna zuƙar manifol, fitilar taimin, fulogi saiti uku aƙalla, da tukunyar kashe gobara ta gari ko ta kumfar da ke jure barasa.

Idan aljihu ya tilasta a bar wani abu, kada ya zama waidban. Saita E85 ba tare da shi ba lalube ne cikin duhu.

2. Auna man kafin ka taɓa sifana

Sunan E85 yana ruɗi, domin lambar tana nufin etanol kashi 85 cikin ɗari. Ƙa'idar ASTM D5798 ta Amurka ta yarda a sayar da man da etanol ɗinsa ya kama daga kashi 51 zuwa 83 da wannan sunan. Lokacin hunturu gidajen mai suna rage etanol su ƙara fetur don motoci su tashi da safe. Motar zamani mai kwamfuta tana gyara kanta. Kafireto ba ya gyara komai, abin da ka saita shi yake bayarwa.

Ga gwajin. Samu kwalbar awo mai mililita 100. Zuba ruwa mililita 50, ka ƙara man mililita 50, ka toshe, ka girgiza sosai, ka ajiye minti 5 zuwa 10. Etanol zai bi ruwa ya kwanta ƙasa, fetur ya taso sama. Auna kaurin na saman ka ninka shi biyu, shi ne kusan kason fetur. Idan mililita 8 ne, man yana wajen E84. Idan 15 ne, E70 ka saya.

Hattara: jimlar haɗin ba za ta cika mililita 100 ba, domin ruwa da etanol suna shigewa cikin juna. Karanta kaurin feturin da ke sama kawai.

Me ya sa wannan ya zo kafin komai? A ce ka saita injin da E70 na hunturu. Da bazara ta zo ka zuba mai kashi 83 ko na durom mai kashi 85, haɗin iska da mai zai tsinke, wato man ya yi kaɗan, da kusan kashi 8 cikin ɗari ba tare da ka taɓa ko sukuru ɗaya ba. A injin mai matsi sosai wannan ya isa ya narkar da gefen fistin. Akasin haka ma ba daɗi: injin da aka matse don E85 ya sha E60, oktan ya faɗi.

Mafita biyu ce. Ko ka sayi man durom mai tsayayyen haɗi daga kamfanoni irin VP Racing ko Sunoco, ko ka sayi na gidan mai da yawa lokaci guda ka gyara shi da E98. Lita 20 na E80 yana buƙatar kusan lita 8 na E98 ya zama E85. Lita 20 na E70 kuwa sai ya ci lita 23, abin da ya sa gyaran man hunturu ba ya biyan kansa.

3. Tanki

Tsiyaye tsohon fetur tas, ka cire tankin ka wanke. Etanol yana narkar da dattin da fetur ya shekara yana tarawa, ya kwaso shi ya kai filta da kafireto. Tsoffin tankunan ƙarfe masu rufin dalma da kuza ba sa jure shi, na faiba kuma narkewa suke. Abin da ya dace shi ne tankin roba mai tauri na tsere, ko bakin ƙarfen da ba ya tsatsa, ko alminiyon da aka yi wa rufin anodaiz. Tsiraran alminiyo yana fitar da farin gari idan man ya sha ruwa.

Hattara: tankunan tsere da yawa suna da soso a ciki don hana mai tangaɗi. Idan ba wanda aka yi don barasa ba ne, cire shi. Yana ruɓewa ya zama gari, ya toshe filta a tsakiyar gudu.

4. Famfo, tiyo da filta

Fara da lissafi. Injin da ba shi da turbo ko sufacaja yana shan kusan lita 0.4 na E85 a awa kan kowane ƙarfin doki ɗaya. Injin mai doki 600 ke nan yana son lita 245 a awa, wato galan 65 na Amurka, alhali da fetur lita 185 ta ishe shi. Lambar da aka rubuta a jikin famfo yawanci ta lokacin da yake zuba a buɗe ce, babu matsi babu tiyo. Ga kuma fizgar tashi daga layi da ke tura man baya a cikin tiyo. Don haka sayi wanda lambarsa ta ninka buƙatarka biyu, kuma wanda kamfanin ya rubuta ƙarara yana jure barasa.

Tiyo: daga tanki zuwa regileta a sa -8AN, mai faɗin rabin inci, ga injin da bai wuce doki 600 ba. Sama da haka -10AN. Mafi kyau shi ne mai cikin PTFE, wato Teflon, kuma a zaɓi wanda cikinsa baƙi ne, shi ke sauke wutar gogayya. Tsohon tiyon roba yana kumbura ya saki ɓarɓashi daga ciki alhali wajensa lafiya lau, shi ya sa ake shan wahalar gano shi.

Filta biyu: mai maikiron 100 kafin famfo, mai maikiron 40 bayansa, dukkansu na ragar bakin ƙarfe. Filtar takarda ba ta shiga wannan aiki. Gam ɗin da ya riƙe ta yana saki, takardar kuma tana jiƙa da ruwan da etanol ya kwaso.

Regileta mai tiyon mayar da mai tanki ya fi mai toshe hanya. Man ba ya zafi, matsin kuma ba ya rawa. Saita shi a 6 zuwa 7 psi.

Kafin ka haɗa da kafireto, yi gwajin jarka. Cire tiyon daga bakin kafireto ka sa a jarka, ka kunna famfo. Ga injin doki 600, lita 4 cikin daƙiƙa 30 shi ne abin nema. Idan ya ɗauki minti guda cur, iyakar buƙatar ke nan babu rara, ka koma ka nemo inda ya shaƙe. Yawanci wani kan tiyo ne mai lanƙwasa digiri 90, ko ramin numfashin tanki da ya yi ƙanƙanta.

Hattara: yi wannan a fili, injin a sanyaye. Harshen wutar etanol ba ya fitowa sosai da rana, kuma tururin da ke cikin tankin da ya kusa ƙarewa ya fi na fetur saurin kamawa.

5. Cikin kafireto

Nan aikin yake. Bi hanyar da mai ke bi, kada ka tsallake.

Allura da mazauninta. Na fetur yawanci inci 0.110 ne mai kan roba. Sa na bakin ƙarfe mai 0.130. Ka tuna babbar allura tana ba matsin mai fili ya rinjayi fulot, saboda haka kada ka wuce 7 psi, in ba haka ba mai zai riƙa ɗiga ta busta, wato bakin da ke fesa mai a maƙogwaron kafireto, injin yana silo.

Fulot. Na Nitrophyl yana jurewa. Wannan kafireto ƙoƙon mai biyu gare shi, gaba da baya. A ƙoƙon baya sa ƙarin bututu a bakin jet tare da fulot mai tsaga, domin idan mota ta fizga daga layi man yana gudu baya ya bar jet a buɗe. Saita tsayin mai a ƙasan ramin dubawa, ko tsakiyar gilashi ga mai gilashi. E85 ya ɗan fi fetur nauyi, don haka saitin da ka yi da fetur ba zai zauna ba, sai an sake.

Bulon rabon mai da busta. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Mutum zai yi ta ƙara jet, daga 84 zuwa 90 zuwa 96, waidban bai motsa ba. Dalili shi ne rijiyar da ke bayan jet da ƙafar busta sun fi jet ɗin ƙanƙanta, su ne suka zama ƙofar. Ko ka buɗe babbar ƙofar gida, in zauren ciki ƙunci ne, jama'a ɗaya-ɗaya za su shiga. Sa bulon da aka ƙera don E85 da busta masu faɗin ƙafa. Haƙa na fetur da diril yana yiwuwa, amma in ka zarce babu komawa, kuma kuɗin kit bai kai kuɗin kafireton da aka ɓata ba.

Jet. Ƙarin kashi 30 a faɗin fili yana nufin ƙarin kashi 14 a faɗin rami. Jet na Holley mai lamba 76 raminsa inci 0.084 ne, ninka da 1.14 ya ba da 0.096, wato kusa da lamba 84. A aikace ana farawa da lamba 8 zuwa 12 sama da na fetur, gaba da baya. Fara daga sama. Haɗin da ya yi kauri fulogi kawai zai ɓata maka, wanda ya tsinke fistin zai ci.

Hanyar silo. Ƙaramin ramin da ke ba silo mai shi ma a ƙara shi da wannan lissafin: 0.033 ya koma wajen 0.038. In an manta da shi, sukurun silo za su fito juyi uku ko huɗu injin yana ta tari, kuma zai riƙa shaƙewa da an ɗan taɓa totur.

Fawa-bawul, wato bawul ɗin da ke ƙara mai idan an taka totur sosai. Ƙa'idar ba ta canja ba: auna zuƙar manifol a silo, cikin giya in motar otomatik ce, ka raba biyu. In ka ga inci 13, sa mai lamba 6.5. Zaɓi mai manyan tagogi, kuma ramukan bayansa su ma su fi na fetur. Wanda ya toshe na baya, kamar yadda masu dirag da yawa ke yi, ya ƙara jet na baya lamba 6 zuwa 8.

Famfon totur. Sauya fatarsa da koriyar nan ta GFLT, baƙar tana taurarewa ta tsage. Bakin feshi in 0.031 ne, fara da 0.037. Daga nan zuwa sama famfo mai 50cc ya fi na 30cc, kuma daga 0.040 sai an sa sukuru mai rami a ciki. Buɗe totur har ƙarshe ka tabbatar hannun famfon yana da ragowar motsi na inci 0.015.

Gasket kuma a sa shuɗin da ba ya mannewa, tunda za ka buɗe ƙoƙon nan sau da yawa. Na kwalaba ba ya daɗewa.

Jikin kafireto ma abin lura ne. Tsofaffin na tutiya ne, kuma etanol mai ruwa yana cin sa. A Brazil, inda motoci suka daɗe suna shan etanol ɗin rake mai ɗan ruwa, rufin nikel aka riƙa yi wa kafireto saboda haka.

6. Fulogi da taimin

Sa fulogi mai sanyi mataki ɗaya fiye da na fetur, bakinsa inci 0.030 zuwa 0.035. Mai ya yi yawa a silinda yanzu, wuta mai rauni ba za ta kama shi da kyau ba, don haka duba koyil da wayoyi.

Bar taimin inda injin ya fi so da man tsere. Ga ƙaramin V8 na Chevrolet mai tsoffin kawuna, digiri 34 zuwa 36 ke nan gaba ɗaya, masu sabbin kawuna kuma 30 zuwa 32.

Hattara: da fetur, in ka zarce da taimin injin yana ƙwanƙwasa ya gargaɗe ka. E85 sau da yawa ba ya yin wannan ƙara. Kana iya wuce inda ƙarfi ya tsaya kana ta ƙarawa, matsi yana ta dukan metal da ringi shiru. In ƙarin digiri 2 bai ƙara gudu ba, mayar da shi.

Game da matsin silinda: injin mai 9 zuwa 1 zai sha E85, amma ribarsa kaɗan ce, kusan ƙarin kuɗin mai kawai. Daɗin abin yana fitowa ne daga 12 zuwa 1 har 13.5 zuwa 1, ko in akwai sufacaja. Wanda zai sake ɗaura injin, nan ne wurin kashe kuɗi.

7. Tashin farko da karanta waidban

Cika ƙoƙuna da famfo, duba yoyo a kowace mahaɗa, sannan ka taka totur sau biyu ko uku ka tayar. In gari da sanyi, ƙasa da digiri 10 zuwa 15, etanol ba ya son zama tururi. Ɗan fetur a kwalbar matsawa, a ɗiga a maƙogwaron kafireto kafin a murɗa ki, yana warware matsalar. Kada a ɗiga ana tayarwa, kuma kada fuska ta kasance saman kafireto.

Bari ruwa ya kai digiri 70 zuwa 80 kafin ka saita komai. Injin E85 yana jinkirin ɗumi, kuma abin da ka saita a sanyi ƙarya ne.

Mayar da waidban kan ma'aunin lamda, shi ba ruwansa da irin man da ke tanki. Lamda 1.0 ita ce daidaito, ƙasa da ita haɗin ya yi kauri, sama da ita ya tsinke. A silo nemi 0.90 zuwa 0.95. A cikakken totur 0.80 zuwa 0.85 ga injin da ke zuƙar iska da kansa, 0.75 zuwa 0.80 ga mai sufacaja ko turbo.

Hattara da ruɗanin lamba. Waidban da yawa suna nuna lambar fetur ko da E85 ake ƙonawa. A irin wannan, lamda 0.82 tana fitowa 12.0, alhali ainihin haɗin 8.0 ne. Duk ɗaya ne. Wanda ya ji an ce E85 yana son 8.0 ya je yana neman ta a agogon da ke kan ma'aunin fetur, zai kai lamda 0.54, mai ya wanke bangon silinda ya cika kwanon baƙin mai. Haka kuma yoyon iska a salansa kafin na'urar, ko gajeren salansa a buɗe, yana sa ta nuna haɗin ya tsinke alhali bai tsinke ba.

8. Saiti a filin tsere

Gudun farko kada ka cika shi, tsaya a rabin fili ka duba waidban da matsin mai. Matsin kada ya faɗi ƙasa da 5 psi a giyar ƙarshe. In lamda ta fara daidai sannan ta riƙa hawa kusa da ƙarshen fili, ƙoƙo ne ke ƙafewa. Wannan laifin famfo ne ko allura, ƙara jet ba zai gyara shi ba.

Bayan nan canja abu ɗaya a kowane gudu. Jet lamba 2 a lokaci guda, duk jet huɗun tare. Duba saurin da motar ta ƙetare layin ƙarshe da shi, ya fi lokacin gudun faɗin gaskiya, domin lokaci yana canjawa da santsin taya. Rage jet har saurin ya daina ƙaruwa, sannan ka koma sama mataki ɗaya. Sai an gama da mai a taɓa taimin.

E85 yana da haƙuri da kauri. Injin da ya ɗan yi kauri ba ya asarar ƙarfi sosai, kuma lokacinsa ba ya yawan canjawa tsakanin zafin rana da sanyin dare, abin da masu tseren cika alkawarin lokaci, inda direba ke faɗin lokacin da zai yi tun kafin gudu, ke so ke nan.

Karanta fulogi da sabo, ka kashe injin da zarar ka ƙetare layi. Kada ka jira launin toka-toka na fetur, E85 yana barin farin fulogi fes ko da haɗin daidai ne. Duba ƙugiyar ƙasa: alamar zafi ta tsaya a lanƙwasarta. In ta gangara kusa da gindi, taimin ya yi yawa. Ɗigo-ɗigon baƙi a kan farin kuwa alamar ƙwanƙwasa ce, masu ƙyalli alminiyon fistin ne, a tsaya nan take.

9. Baƙin mai

Etanol yana zurarewa ta ringi fiye da fetur, musamman a dogon silo injin a sanyaye, kuma yana jawo ruwa. Alamar ita ce baƙin mai ya yi fari kamar madara a murfi ko a sandar awo, ko ka ga ya ƙaru. Maganin shi ne zafi: baƙin man ya kai digiri 90 zuwa 100 ya daɗe a haka aƙalla sau ɗaya kowace ranar tsere. Kada a cire tamosta. Bayan gudun ƙarshe wasu suna cire murfin numfashin injin yana da zafi don tururin ya fice. Canja baƙin mai da filtarsa bayan kwanakin saiti na farko, sannan a rabin tazarar da ka saba da fetur.

10. Ajiya

Filtocin mai a buɗe su a wanke bayan tanki na farko da na biyu, nan dattin da ya rage zai taru.

In motar za ta kwana fiye da mako biyu, toshe ramin numfashin tanki, ka ɗaura wani ƙyalle a sitiyari don kada a manta a tayar da shi a toshe. Tsiyaye ƙoƙunan kafireto ta sukurun ƙasa, ka taka totur har famfon totur ya daina feshi. In ajiyar ta watanni ce, tsiyaye tankin duka, zuba lita 4 zuwa 5 na fetur marar etanol, ka kunna famfo ya zagaya, ka tayar da injin minti biyu ko uku. Zai yi kauri ya yi hayaƙi, ba laifi, amma kada a taka shi da ƙarfi da wannan man, matsin injin ya fi ƙarfin fetur.

Ragowar E85 a ajiye shi cikin durom ko jarka mai murfin da ke rufewa gam, a kan katako, nesa da rana. Kafin a sake zuba shi, a ɗebi kaɗan a gilashi a duba. In ya yi gajimare ko ya rabu gida biyu, ya sha ruwa, kada ya shiga tanki. In ya fito garau, a maimaita gwajin kwalba na mataki na 2, a rubuta lambar da kwanan wata a jikin jarkar.